Abubuwan da ke jawo wa yara ƙuraje da ƙaiƙayi bayan wasa a waje a Kudancin Kaduna

Kudancin Jihar Kaduna na daga cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a arewacin Najeriya. A Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, damina kan faɗi tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara yakan kai kusan milimita 1,500. Wannan ni'ima ce ta sa ciyayi ke tsawo, rafuka ke gangarowa daga tsaunukan Kagoro, ake kuma noman citta da gwaza da doya da acca a ƙananan hukumomin Jaba da Kachia da Kagarko da Kaura da Zangon Kataf da Sanga. Ita ce kuma ke raya ƙwari da tsirrai da tsutsotsin da kan sa yaro ya dawo gida daga gona ko rafi ko filin ƙwallo yana susa.

Mafi yawan irin waɗannan ƙuraje ba su da haɗari, sukan baje da kansu cikin 'yan kwanaki. Ɓarnar takan zo ne daga susa da farce mai dauɗa, da shafa maganin da bai dace ba, da kuma ɗaukar wata babbar cuta a matsayin cizon ƙwaro. Hanyar kauce wa haka ita ce gane musabbabi, kuma tambayoyi uku ne kan kai mutum gare shi: ina yaron ya je, tsawon wane lokaci aka ɗauka kafin ƙurajen su fito, kuma a wane sashe na jiki suka fito, da wace siffa?

Yadda ƙaiƙayi ke tashi

Fata ba ta mayar da martani iri ɗaya ga duk abin da ya taɓa ta. Akwai abin da ke ƙona ta kai tsaye, kamar ƙaron wasu itatuwa da dafin wasu ƙwari, kuma wannan yakan sami duk wanda ya taɓa. Akwai kuma abin da garkuwar jiki ce ke ƙin sa. Idan sauro ya yi cizo, jiki kan saki sinadarin histamin, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi cikin mintuna. Nau'i na uku mai jinkiri ne, ba ya bayyana sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin da iyaye sun riga sun manta inda yaron ya je.

A baƙar fata, jan da littattafan likitanci ke kwatantawa ba ya fitowa sosai. Wurin kan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi sheƙi. Don haka ya kamata a duba yaro a cikin hasken rana, a kuma shafa da hannu don a ji kumburi ko ɗumi.

Tsirrai

Babu tsiron da ya yi ƙaurin suna wajen ƙaiƙayi kamar ƙarara, wadda masana ke kira Mucuna pruriens. Tana nannaɗe bishiyoyi da shinge a bakin rafi da gonakin da aka bari, kuma kwansonta kan bushe a lokacin kaka zuwa hunturu, daidai lokacin da yara ke shiga daji neman itace ko farautar ɓeraye. Kwanson na lulluɓe da ƙananan gasu masu launin ruwan ƙasa, waɗanda ke karyewa da an taɓa su, iska ma kan kwashe su ta watsa a kan tufafi. A cikin gashin akwai sinadarin mukunain, wanda ke tsokanar jijiyoyin fata kai tsaye ba tare da ya bi ta hanyar histamin ba. Wannan ne dalilin da ya sa magungunan ƙaiƙayi da aka saba sha ba sa yin tasiri sosai a kansa. Ƙaiƙayin kan fara cikin minti ɗaya ko biyu, kuma susa na ƙara cusa gashin ne cikin fata. Abin yi shi ne a tuɓe wa yaron tufafi a hankali, a manna salatif a wurin a ɗaye don ya kwaso gashin, sannan a wanke da ruwa mai yawa da sabulu.

A bazara kuma, mangwaro da yazawa ne kan gaba. Danginsu ɗaya da wani tsiro mai dafi da ya addabi mutanen Amurka, kuma ƙaronsu na ɗauke da sinadarai masu kama da nasa. Yaron da ya hau bishiya ya tsinko ɗanyen mangwaro, ko ya ɓare ɓawon da haƙori, kan wayi gari bayan kwana ɗaya ko biyu da ƙuraje a kewayen baki da kumatu da yatsu. Man da ke cikin kwanson ƙwallon yazawa ya fi wannan ƙarfi, domin yakan ƙona fata har ta yi bororo, musamman idan yara na gasa ƙwallon a wuta.

Haka nan ƙerana da tinya, waɗanda aka daɗe ana shinge da su a ƙauyukan yankin da na Filato, suna da farin ƙaro mai ƙuna, kamar yadda tumfafiya da bini-da-zugu ke da nasu. Idan ƙaron ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na tsawon aƙalla mintuna 15, sannan a garzaya asibiti. Ɗanyen gwaza da ganyensa na ɗauke da wasu ƙananan tsinaye na gishirin kalsiyam, su ne ke sa hannu ƙaiƙayi wajen tono ko feraya. Ganyen kuɓewa da na masara ma na da gashi mai sa susa. A masussuka kuwa, ƙaiƙayin dawa da na gero sananne ne, har Bahaushe ya yi karin magana da shi, ya ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Sai kuma maganin ciyawa da takin zamani: yaron da ya ratsa gonar da aka fesa da safe kan iya dawowa da ƙuna a ƙwauri da idon sawu.

Ƙwari masu cizo da masu ƙuna

Cizon sauro da ƙuma da cinnaka da kwarkwasa shi ne ya fi yawa. Alamarsa ita ce ƙurajen na fitowa a wuraren da tufafi bai rufe ba, kowane ƙurji da ɗan ɗigo a tsakiya. Wasu yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa goma, jikinsu kan tsananta martani, har cizo guda ya tayar da tsofaffin wuraren da suka warke. Sai a ga ƙuraje masu tauri a ƙafafu da hannaye suna zuwa suna komawa duk damina, suna barin baƙin tabo. Wannan ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma yawanci yakan ragu yayin da yaron ke girma. Gizaka kuma ba ta cizo; gashinta ne ke maƙalewa a fata idan ta faɗo daga bishiya, kuma ana cire shi ne kamar na ƙarara.

Akwai ƙwarin da ƙona fata suke yi. Manoma sun san hangara, wadda ruwan jikinta ke tayar da bororo. Akwai kuma wani siririn ƙwaro da bai wuce santimita ɗaya ba, mai launin ja da baƙi, mai kama da tururuwa, wanda masana ke kira Paederus. A gabashin Afirka ana ce masa ƙudan Nairobi, kuma ya yi ɓarna sosai a Kenya bayan mamakon ruwan sama na 1997 zuwa 1998. Yana rayuwa a ciyayi masu danshi da gonakin shinkafa, yana kuma bin hasken lantarki da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi. Dafinsa, wato sinadarin federin, a cikin ruwan jikinsa yake, ba ya fita sai an murtsuke shi a kan fata. Ba a jin komai a lokacin, sai bayan sa'o'i 12 zuwa 48 wurin ya yi kamar an ɗora wuta, sau da yawa a miƙe kamar an ja layi. Idan a gwiwar hannu ne ko wuya, inda fata ke haɗuwa da fata, akan ga tabo biyu suna fuskantar juna. Ya kamata a koya wa yara su hure shi ko su kaɗe shi da ganye, idan kuma an riga an murtsuke shi, a wanke wurin da hannaye da sabulu nan take, kafin hannun ya kai ido.

Baƙin ƙuda na bakin rafi yana da dogon tarihi a wannan yanki. Yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu, yana cizo da rana, galibi a ƙafa, ya bar ɗigon jini da ƙaiƙayi na kwanaki. Shi ne ke yaɗa cutar makantar kogi, wadda ta taɓa addabar ƙauyuka da dama a Jihar Kaduna. A ƙauyukan jihar ne aka gudanar da ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen maganin ivermectin, ƙarƙashin Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma mujallar The Lancet ta buga sakamakon a 1993, inda aka nuna shan maganin duk shekara na rage lalacewar jijiyar gani. Kamfanin Merck ya fara bayar da maganin kyauta da sunan Mectizan tun 1987, kuma rabon da aka shafe shekaru ana yi ya rage cutar matuƙa. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da ita. Cizo guda ba ya nufin yaro ya kamu, domin cutar na bukatar cizo mai yawa na tsawon lokaci. Amma ƙaiƙayin da ya game jiki na watanni, tare da ƙulli mai tauri a ƙugu ko haƙarƙari, yana bukatar gwaji.

Ƙasa da yashi

Yashi mai danshi a ƙarƙashin inuwa, inda karnuka da kyanwoyi ke bahaya, na ɗauke da 'ya'yan wata tsutsar cikin waɗannan dabbobi. Idan yaro ya taka ba takalmi ko ya zauna ba wando, sukan huda fata. Da yake jikin ɗan Adam ba mazauninsu ba ne, ba sa iya wucewa ciki, sai su yi ta yawo a ƙarƙashin fata, suna barin wani siririn layi mai lanƙwasa kamar zare, wanda ke ƙara tsawo kullum. An fi ganinsa a tafin ƙafa da tsakanin yatsu da ɗuwawu, kuma ƙaiƙayinsa kan hana barci. Ba a tsaga shi da reza, domin tsutsar na gaba da inda layin ya tsaya. Maganin albendazole ko ivermectin na kashe ta, amma ba a ba yaron da nauyinsa bai kai kilo 15 ba ivermectin. Tsutsar da ke kama mutane ma ta ƙafa take shiga, inda ake bahaya a fili, ita kuma takan kai hanji ta jawo ƙarancin jini.

Wani ƙuda da ake kira tumbu na zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, ko a jikin tufafi masu danshi da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsar kan shiga fata ta yi kumburi kamar maruru, mai ɗan rami a tsakiya, yaron kuma ya riƙa cewa wani abu na motsi a ciki. Takan girma cikin kwana 8 zuwa 12. Ma'aikatan lafiya kan toshe ramin da man Vaseline don ta rasa iska ta leƙo, sannan a ciro ta gaba ɗaya. Riga-kafin shi ne shanya a kan igiya a cikin rana, da guga ciki da waje, musamman kayan jarirai.

Rafi da kududdufi

Idan yaro ya fito daga wanka a kududdufi ko madatsar ruwa ko gefen rafi mai kwanciya, sai ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso masa cikin sa'o'i a sassan da suka shiga ruwa, to a yi tunanin tsutsar da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa. Wani nau'inta na tsuntsaye ne, yakan mutu a fata. Wani kuma shi ne mai kawo tsargiya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya. Ƙurajen kan ɓace cikin 'yan kwanaki, iyaye su saki jiki, sai bayan wata biyu zuwa uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake ɗauka a wasu wurare. Cuta ce da ke lalata mafitsara idan ta daɗe. Maganinta praziquantel, wanda ake rabawa ɗalibai a makarantu a yankunan da cutar ta yi yawa.

Zafi da sanyi

A watannin Maris da Afrilu, kafin ruwa ya zauna, gumi kan toshe ƙofofin fata, sai ƙurajen zafi su fito a wuya da ƙirji da gadon baya da goshi. Tufafin leda da man shafawa mai kauri na ƙara su. Wanka da ruwa mai sanyi da sa rigar auduga sun wadatar. A hunturu kuwa akasin haka ne: fata kan bushe ta tsage, yaran da ke da kirci kuma ciwonsu ya tashi a bayan gwiwa da gwiwar hannu. Su mai suke bukata, a shafa da zarar an fito daga wanka, kuma man kaɗanya na yin wannan aiki.

Cututtukan da ake ɗauka cizon ƙwaro ne

Ba duk ƙurjin da ya biyo bayan wasa ba ne wasan ya jawo. Ƙazuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta fi ƙaiƙayi da dare, tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya, kuma akan sami wani a gidan ko a ɗakin kwanan makaranta yana susa. Ba ta warkewa sai an yi wa kowa magani lokaci guda. Makero kan yi zobe mai ɓarɓashi, a ka kuma ya cinye gashi. Ƙyanda na farawa da zazzaɓi da tari da jan ido, sannan ƙuraje su taso daga fuska su gangara. Ana yin allurar riga-kafinta a wata 9, a maimaita a wata 15. Ƙarambau na da ƙuraje masu ruwa da suka fi yawa a gangar jiki. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, na zuwa da zazzaɓi da kaluluwa da ƙuraje masu tauri har a tafin hannu. Abin da ya haɗa ukun ƙarshe shi ne zazzaɓi, wanda ba a saba gani ba a cizon ƙwaro ko taɓa ganye.

Haɗarin susa da maganin da bai dace ba

Farce na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Wurin da aka sosa kan zama miki mai ɓawo ruwan zuma, mai yaɗuwa a tsakanin yara. Wani nau'in ƙwayar cutar da ke kawo wannan miki na iya taɓa ƙoda bayan mako uku zuwa shida: fuska ta kumbura da safe, fitsari ya ragu ya yi duhu kamar ruwan shayi. Iyaye da yawa ba sa danganta wannan da ƙurajen da suka riga suka warke, alhali faɗa wa likita hakan na taimaka masa ya gane ciwon da wuri.

Shafa kananzir ko baƙin mai ko man birki ko toka, ko zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an sirka ba, ƙuna yake ƙarawa a kan ƙuna. Haka nan mayukan kemis masu haɗin magani uku, waɗanda galibi ke ɗauke da sinadarin steroid mai ƙarfi kamar clobetasol. Sukan kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, amma suna haɓaka makero, suna ɓoye ƙazuwa, suna sirantar da fata, kuma fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotse su zuwa cikin jini.

Abin yi a gida da lokacin zuwa asibiti

Matakin farko shi ne wanka da ruwa da sabulu marar ƙarfi da canza tufafi. A ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a shafa kalamin, a yanke farce. Magungunan sha irin su cetirizine ko chlorpheniramine na taimakawa a cizon ƙwari da borin jini, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin da ya dace da shekarun yaro, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu ba tare da umarninsa ba.

A kai yaro asibiti nan take, dare ko rana, idan leɓe ko harshe ko fatar ido ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ya yi amai da jiri bayan harbin zuma ko rina. Wannan na bukatar allurar adrenalin cikin mintuna. Haka nan idan ƙuraje sun zo da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata da ba sa ɓacewa idan an danna su, ko fata na saɓulewa, ko baki da ido sun yi miki. A je cibiyar kula da lafiya a matakin farko idan wurin ya yi mugunya, ko kumburin na faɗaɗa, ko an kwana uku ba sauƙi. Masu tsanani akan tura su manyan asibitoci kamar na Kafanchan, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Riga-kafi ba ya bukatar a kulle yara a ɗaki. Takalmi da dogon wando da riga mai dogon hannu idan za a shiga gona, wanka da an dawo, kwana a gidan sauro, sare ciyayi a kewayen gida da makaranta, ba karnuka maganin tsutsa, da hana yara gonar da aka fesa, duk suna rage matsalar sosai. Maganin korar sauro na shafawa mai sinadarin DEET kashi 10 zuwa 30 cikin 100 ya dace da yaran da suka haura wata biyu, muddin ba a shafa a tafin hannu da kewayen ido da baki ba. Ya kamata kuma iyaye da malamai su nuna wa yara ƙarara da ƙerana da jan ƙwaron nan ido da ido, su san kamanninsu tun kafin hutun kaka, lokacin da suka fi shiga daji.